Tasirin farantan sola a kan rufin gida

Tasirin farantan sola a kan rufin gida shi ne sauye-sauyen da ke samun rufi bayan an ɗora masa farantan da ke mayar da hasken rana zuwa wutar lantarki. Sauye-sauyen sun shafi nauyin da rufin ke ɗauke da shi, ramukan da ake hudawa wajen ɗaurewa, yadda iska ke bugunsa, hanyar da ruwan sama ke bi ya sauka, zafin da ke shiga ɗaki, da kuma shekarun da rufin zai yi kafin a sauya shi. Wasu daga cikinsu amfani ne, kamar inuwar da ke rage zafi. Wasu kuma haɗari ne, kamar yoyo, tsatsa da gobara. A mafi yawan lokuta ba farantin kansa ke lalata rufi ba. Abin da ke raba aikin da ya yi kyau da wanda ya jawo asara shi ne halin da rufin yake ciki kafin a fara, da ingancin ɗaurin da aka yi.

## Asali

An nuna ƙwayar sola ta silikon ta farko mai amfani a shekarar 1954 a ɗakin binciken Bell Labs da ke Amurka. Shekaru da dama bayan haka tsadarta ta sa an fi amfani da ita a kan tauraron ɗan'adam da wuraren da ke nesa da layin lantarki. Ɗora farantai a kan rufin gidaje ya yaɗu ne daga shekarun 1990 a Jamus da Japan, inda gwamnatoci suka tallafa wa masu gidaje, sannan ya bazu a duniya bayan farashin farantan ya faɗi ƙwarai daga wajajen 2010. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta wajabta sanya sola a kan mafi yawan sababbin gidaje tun daga shekarar 2020.

A Najeriya ƙarancin wutar gwamnati da tsadar man janareta, musamman bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, sun sa farantan sola sun yawaita a kan gidaje, shaguna, asibitoci da masallatai. Yawancin waɗannan gine-gine an yi rufinsu ne ba tare da tunanin za a ɗora masa wani kaya ba, shi ya sa batun ƙarfin rufi ya zama muhimmi.

## Yadda ake ɗaure farantai

Ba a shimfiɗa faranti kai tsaye a jikin rufi. Ana fara kafa ƙafafu na ƙarfe da ke kama katako ko ƙarfen da ke ƙarƙashin rufin, sai a ɗora dogayen sanduna na alminiyam a kan ƙafafun, sannan a damƙe farantan a jikin sandunan da maƙalai da notuna. Ana barin tazarar kimanin santimita 10 zuwa 15 tsakanin faranti da rufi domin iska ta riƙa wucewa.

Hanyoyin kama rufin iri uku ne. Ta farko ita ce hudawa, inda kusa mai zare ke ratsa kwano ta shiga katako. Ita ce ta fi yawa a gidaje masu rufin kwano. Ta biyu ita ce damƙa ba tare da huda ba, wadda ake yi wa nau'in rufin ƙarfe mai tsayayyen haɗi, inda maƙalin ke cije haɗin daga waje. Ta uku ita ce dannewa da nauyi, wadda ake yi a kan shimfiɗaɗɗen rufin kankare: a ajiye firam ɗin, a danne shi da tubalan siminti. A Turai, inda rufin falle-fallen gasasshen yumɓu ya yawaita, ana ɗaga falle ɗaya a saka ƙugiya a jikin katako, a mayar da fallen a kai.

## Nauyi

Farantin gida mai faɗin kusan murabba'in mita 1.7 zuwa 2 yakan kai kilo 18 zuwa 23. Manyan farantai masu ƙarfin wat 550, waɗanda tsawonsu ya kai mita 2.3 da faɗin mita 1.1, suna kai wa kilo 27 zuwa 29. Idan aka haɗa da sanduna da maƙalai, nauyin da ke sauka a kan kowane murabba'in mita ɗaya na rufi yakan kasance tsakanin kilo 10 da 15.

Ma'anar wannan adadi ta danganta da irin rufin. Rufin kankare mai kaurin santimita 15 yana da nauyin kimanin kilo 360 a kowane murabba'in mita, don haka farantan ba su ƙara masa ko kashi 5 cikin 100 ba. Amma kwanon alminiyam mai kaurin rabin milimita bai wuce kilo 2 a kowane murabba'in mita ba. Katakon da kafinta ya tsara domin ya ɗauki wannan kwano da silin zai wayi gari yana ɗauke da kaya da ya ninka nauyin kwanon sau biyar ko fiye. Farantai goma masu wat 550 tare da sandunansu sun haura kilo 300, nauyin da ya fi na buhun siminti shida, kuma za su zauna a wurin dare da rana har tsawon shekaru.

Wani abin lura shi ne nauyin ba ya bazuwa daidai a kan rufin. Yana taruwa ne a wuraren da ƙafafun suka sauka. Idan ƙafa ta sauka a kan kwano zalla, ba a kan katako ba, kwanon yakan lotsa, ruwa ya riƙa kwanciya a wurin. Alamomin rufin da kaya ya yi wa yawa sun haɗa da lanƙwasar tsakiyar rufi, tsagewar silin, da tsagewar bango a inda katako ya zauna. Katakon da gara ta ci, ko wanda yoyo ya ruɓar, yakan yi kama da lafiyayye daga waje, sai an hau cikin silin an ƙwanƙwasa shi ake ganewa.

Hawa rufin lokacin aiki ma yana da nasa tasiri. Mai aikin da ya taka tsakanin katako biyu yakan lotsa siririn kwano, ya sassauta tsofaffin kusoshi, ko ya fasa falle. Ƙwararru suna taka layin kusoshi ne kawai, ko su shimfiɗa faffaɗan katako su bi ta kansa.

## Huda da yoyo

Yoyo shi ne ƙorafin da aka fi ji bayan girka sola. Tsari mai farantai goma yakan buƙaci ramuka da dama, kuma kowane rami ƙofa ce ga ruwa idan ba a rufe shi yadda ya kamata ba. A rufin kwano mai tudu da kwari, ana son ramin ya kasance a kan tudun, domin ta kwarin ne ruwa ke gudu. Ana sanya wa kusar wasar roba mai jure rana, a ɗaure ta daidai: idan ba ta ɗauru ba ruwa zai shiga, idan an matse ta fiye da kima robar za ta tsage. A Amurka, inda aka fi yin rufi da falle-fallen kwalta, ana cusa faifan ƙarfe a ƙarƙashin fallen da ke sama da ramin domin ruwa ya bi ta kansa ya wuce.

Dogaro da gam ko kwalta kaɗai wajen toshe rami ba ya ɗorewa. Zafin rana yana busar da su, su tsage cikin 'yan shekaru. Ban da haka, ƙarfe yana miƙewa da zafi, ya koma da sanyi. Sandar alminiyam mai tsawon mita 6 tana ƙaruwa da fiye da milimita 5 idan zafinta ya tashi da digiri 40 a ma'aunin Salshiyos. Wannan motsi na kullum yana jan kusoshi gaba da baya, ya faɗaɗa ramuka sannu a hankali. Saboda haka ake yanke dogayen sanduna a bar 'yar tazara tsakaninsu.

Ramin da wayoyi ke bi su shiga cikin gida shi ma wurin yoyo ne, domin ruwa yakan bi jikin waya ya gangara ciki. Ana magance wannan da sanya wayar cikin bututu, ko a bi da ita ta gefen rufi ta shiga ta bango. A yankunan da rani ke da tsawo, aikin da aka yi a watan Disamba ba a sanin ingancinsa sai ruwan farko ya sauka a watan Mayu ko Yuni, lokacin da mai aikin ya daɗe da karɓar kuɗinsa.

## Iska

A wurare da yawa iska ta fi nauyi haɗari. Idan iska ta bi ta kan rufi, takan yi ƙoƙarin ɗaga shi sama ne, kamar yadda take ɗaga fiffiken jirgi. Ƙarfinta yana ninkuwa sau huɗu idan gudunta ya ninka sau biyu. Iska mai gudun kilomita 108 a sa'a ɗaya tana da matsin da ya kai kimanin kilo 55 a kan kowane murabba'in mita, wato ninki huɗu na nauyin farantan, kuma a gefen rufi da kusurwoyinsa jan yakan zarce haka sosai. Wannan ne dalilin da ya sa ake nisanta farantai daga bakin rufi da ƙololuwarsa.

Ma'aunin ƙasa da ƙasa mai lamba IEC 61215 ya tanadi a gwada faranti da matsin faskal 2,400, kusan kilo 245 a kowane murabba'in mita. Wannan gwaji na farantin ne kawai, bai shafi katako ko kusar da ke riƙe da shi ba. Idan aka ɗaure farantai a jikin kwano zalla, iska na iya tafiya da su tare da kwanon. Idan katakon rufin bai ɗauru sosai a jikin bango ba, tana iya yaye rufin gaba ɗaya. Bayan guguwar Irma da ta Maria sun ratsa tsibiran Karebiyan a 2017, binciken da cibiyar Rocky Mountain Institute ta yi ya nuna cewa yawancin ɓarnar ta faro ne daga maƙalai marasa ƙarfi da notunan da ba a ɗaure da kyau ba, yayin da tsarin da aka ɗaure da kyau ya tsira.

A arewacin Najeriya da kudancin Nijar, iskar da ke gabatar hadarin farkon damina takan yaye rufin gidaje da makarantu kusan kowace shekara. Farantan da aka ɗaga gefe ɗaya sama domin su fuskanci rana sun fi kama wannan iska fiye da waɗanda suka kwanta daidai da gangaren rufi.

## Zafi

Babban amfanin da rufi ke samu shi ne inuwa. Farantan suna tare hasken rana kafin ya taɓa rufin, iskar da ke wucewa ta ƙarƙashinsu kuma tana kwashe wani ɓangare na zafin. Wani bincike da Jan Kleissl da abokan aikinsa suka yi a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, wanda aka wallafa a 2011, ya gano cewa da rana silin da ke ƙarƙashin farantai ya fi sauran sanyi da har digiri 2.5. Lissafinsu ya nuna raguwar kashi 38 cikin 100 na zafin da ke ratsa wannan ɓangare na rufin wanda na'urar sanyaya ɗaki za ta kawar a shekara. Farantan da ke da tazara tsakaninsu da rufi sun fi waɗanda aka manna sanyaya ɗaki. Da dare kuma lamarin yakan juya kaɗan, domin farantan suna rage saurin fitar zafi daga rufin.

Tazarar tana amfanar farantan su ma. Ana auna ƙarfin faranti ne a digiri 25, kuma kowane digiri ɗaya da ya ƙaru yana rage wutar da yake bayarwa da kashi 0.3 zuwa 0.5 cikin 100. A tsakar ranar bazara jikin faranti yakan haura digiri 60. Wanda aka kwantar a kan kwano ba tare da tazara ba ya fi zafi, ya fi rage wuta, kuma wayoyin bayansa sun fi saurin lalacewa.

Inuwar tana kuma kare fenti, kwalta da ledar hana ruwa daga hasken da ke cinye su, tana rage bugun ƙanƙara. Sakamakon haka ɓangaren da ke ƙarƙashin farantai yakan daɗe fiye da wanda ke fili.

## Tsatsa, ƙura da dabbobi

Idan ƙarafa biyu mabambanta suka haɗu cikin danshi, ɗaya yakan cinye ɗayan. Jan ƙarfe da ke cikin wayar da ake haɗawa da ƙasa yana cinye alminiyam da tutiyar da ke lulluɓe da kwano idan suka taɓa juna. Firam ɗin baƙin ƙarfe da aka yi wa walda ba tare da fenti mai kyau ba yana zubar da ruwan tsatsa a kan rufi. Garin ƙarfen da ya zuba wajen hudawa, idan ba a share ba, yakan bar ɗigo-ɗigon tsatsa bayan ruwan farko. Masu ƙera kwano a Ostareliya sun kuma yi gargaɗin cewa ruwan saman da ya gangaro daga gilashin faranti yana ɗiga a wuri ɗaya yana saurin cinye tutiyar kwanon da ba shi da fenti.

Ƙarƙashin farantai wuri ne da ganye, leda da ƙura ke taruwa. Idan suka jiƙe sai su riƙe danshi a jikin kwano, su toshe hanyar ruwa. Tantabaru da sauran tsuntsaye suna yin sheƙa a wurin, kashinsu yana cin fenti, ɓeraye kuma suna gaigayar wayoyi. Ana kewaye gefen farantan da raga domin hana su shiga.

Ƙurar hunturu, daga Nuwamba zuwa Maris, tana rage wutar da farantai ke bayarwa, don haka ake yawan hawa rufi domin wanke su. Kowane hawa yana ƙara gajiyar da kwano. Karkata farantan da aƙalla digiri 10 yana taimaka wa ruwan sama ya wanke su da kansa. Wannan ya yi daidai da kusurwar da ta dace da yankin, domin Kano tana kan digiri 12 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, Damagaram kuma kusan digiri 14, kuma a irin waɗannan wurare ana karkata farantai kaɗan ne su fuskanci kudu.

## Gobara da tsawa

Farantai suna ba da wuta mai tafiya hanya ɗaya, kuma idan aka jera su da yawa ƙarfinta yakan kai ɗaruruwan bolt. Irin wannan wuta idan ta yi tartsatsi a sakakken haɗi ba ta saurin mutuwa da kanta. Binciken da cibiyar Fraunhofer da TÜV Rheinland suka yi a Jamus ya nuna cewa gobarar da sola ke haddasawa ba ta da yawa idan aka kwatanta da adadin gidajen da ke da ita, kuma kuskuren girkawa na cikin manyan dalilanta: haɗin waya da bai ɗauru ba, mahaɗai na kamfanoni daban-daban da aka cusa wa juna, da wayar da ke gogar bakin ƙarfe. A rufin kwano, wayar da ta feƙe na iya sanya wa rufin gaba ɗaya wuta.

Muddin akwai hasken rana farantai suna ci gaba da ba da wuta ko da an kashe inbata, abin da ke zama haɗari ga masu kashe gobara. Dokar lantarki ta Amurka ta shigar da sharaɗin na'urar kashewa cikin gaggawa a bugun 2014, ta ƙara tsaurara shi a 2017. Farantai ba sa janyo tsawa fiye da rufin da suke kai, amma dole a haɗa firam ɗinsu da ƙasa, a kuma sanya na'urar kariya domin kada tsawar da ta faɗi kusa ta ƙone inbata.

## Nau'o'in rufi a ƙasar Hausa

Rufin kwano shi ne ya fi yawa a birane. Matsalarsa ita ce siririn kwano, katakon da aka jera da nisa domin rage kuɗi, da ɓarnar gara. Sau da yawa ana buƙatar ƙara katako ko ƙarfe a wuraren da ƙafafu za su sauka.

Rufin kankare, wanda ake kira dakin, ya fi kowanne jure nauyi. Haɗarinsa shi ne huda shimfiɗar hana ruwa, da tare hanyar da ruwa ke bi ya fita. Ruwan da ya shiga kankare yakan sa rodi ya yi tsatsa ya kumbura, ya fasa simintin daga ciki. Zai fi kyau a zuba ƙananan dakali a kan rufin a ɗaure firam a jikinsu.

Rufin soro na ƙasa, wanda ake yi da azarar giginya a rufe da ƙasa da yaɓe, yana da nauyi sosai tun asali, kuma lafiyarsa ta dogara ne da yaɓen da ake sabuntawa kafin damina da kuma indararo da ke fitar da ruwa. Huda yaɓen yana kai ruwa ga azara, farantai da yawa kuma suna hana magina isa wurin gyara. A irin wannan gida an fi son a kafa farantan a kan rumfar ƙarfe a tsakar gida ko a kan doguwar sanda.

Tsohon rufin asbestos, wanda har yanzu ake gani a gidajen ma'aikata da makarantu, yana fashewa idan an taka shi, kuma huda shi yana fitar da ƙurar da ke haddasa cutar huhu da sankara. Ba a son ɗora masa farantai kafin a sauya shi.

## Tsawon rayuwa da gyara

Masu ƙera farantai sukan ba da garantin shekara 25 a kan ƙarfin wuta, kuma ƙarfin yana raguwa ne da kusan rabin kashi ɗaya cikin 100 a shekara. Rufi da yawa ba sa kai wannan shekaru ba tare da gyara ba. Idan rufin ya riga farantan lalacewa, sai an kwance tsarin duka, a gyara, a sake ɗaurawa, kuma mai gida ne zai biya aikin sau biyu. Don haka ƙa'idar da aka saba bi ita ce a sauya tsohon rufi kafin a ɗora masa sola. A wasu ƙasashe huda rufi ba bisa umarnin kamfanin da ya ƙera shi ba yana soke garantinsa. A gidan haya kuma batun wanda zai toshe ramuka idan ɗan haya ya kwashe farantansa yakan jawo saɓani idan ba a rubuta shi tun farko ba.

Binciken da ake yi kafin aiki ya ƙunshi duba katako daga cikin silin, auna kaurin kwano, gano tsofaffin wuraren yoyo, da tabbatar da cewa rufin ya ɗauru a jikin bango. Ga babban tsari ko tsohon gini ana neman injiniyan gine-gine ya yi lissafi. A Najeriya hukumar COREN ce ke yi wa injiniyoyi rajista, hukumar NEMSA kuma, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke kula da ingancin aikin lantarki da ba masu wayarin shaidar ƙwarewa. Bayan an gama aiki, ana duba notuna, wayoyi da ramuka kafin kowace damina, a kuma leƙa cikin silin bayan ruwan farko da bayan kowace iska mai ƙarfi, domin yoyon da aka gano da wuri wasar roba ɗaya ke toshe shi, wanda aka bari kuma yakan kai ga sauya katako da silin.